Gayaunar Yaro a Tsakar Gida: Lacca kan Shuka Ganyen Miya da na Ƙanshi Tare da Ƙananan Yara

 

Mai girma uban ƙasa, ranka ya daɗe. Dagatai da masu unguwanni, limamanmu da malamanmu, Allah ya gafarta muku. Malaman makarantun boko da na Islamiyya, ma'aikatan lafiya da malaman gona, iyayenmu mata waɗanda fiye da rabin maganar yau tasu ce, matasa da sauran jama'ar Wanke, da baƙinmu da suka taso daga Gusau da Tsafe da Bungudu, ina yi muku barka da zuwa. Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama suka ga dacewar in tsaya a gabanku. Na san a irin wannan lokaci barin gida a hau hanya ba ƙaramin abu ba ne. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Batun da aka ɗora mini shi ne shuka ganyayyaki a cikin gida tare da ƙananan yara: zogale, ɗoɗɗoya, na'ana'a, lansir, alayyahu, sure da danginsu. Na hango wasu dattawa suna murmushi, kuma na san dalili. A garin da ake lissafin noma da dami da buhu, wa zai tara manya ya yi musu lacca kan tukunyar na'ana'a? Ku ba ni aron hankalinku na ɗan lokaci. Magana ɗaya nake so in kafa, sauran duk hujjojinta ne: tunda hanyar gona ta rufe wa yaranmu, wajibi ne a kawo musu gonar cikin gida, kuma a ba kowane yaro tasa ta kansa, ko da buhu ɗaya ne na ƙasa a jingine da katanga.

Batu na ɗaya: abin da ya yanke. Bahaushe bai taɓa koya wa ɗansa noma a aji ba. Tsarin da muka gada shi ne gandu da gayauna. Gandu na gida ne, maigida ke da iko da shi, kowa ya yi aiki a ciki, a ci tare. Gayauna kuwa ɗan yanki ne da ake yankar wa ɗa ko matar gida, su noma bayan an tashi daga aikin gandu, abin da ya fito nasu ne, su ci ko su sayar. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta fitar da littafi a 1972 inda ta bayyana wannan tsari dalla-dalla. Amma mu nan ba sai Bature ya gaya mana ba, don akwai masu furfura a wurin nan da gayauna ta yi musu kuɗin auren fari. A gandu yaro yana koyon bin umarni. A gayauna yake koyon yanke shawara: me zan shuka, yaushe zan shuka, in na makara da noman fari wa zan ɗora wa laifi? Kuma tun kafin a kai ga yankar masa gayauna, ɗan shekara 5 ko 6 ya riga ya fara bin sawun manya. Yana kai fura gona, yana jefa iri a rami yana rufewa da diddige, yana korar tsuntsu. Yarinya tana bin uwarta ko kakarta bakin fadama tsinkar tafasa da lalo da gasaya. A cikin wannan tafiya ake gaya musu: wannan ana ci, wannan na awaki ne, wannan kuwa kada ka kuskura ka kai shi baki.

To, yau uba nawa ne tsakanin Wanke da Magami, ko a ƙauyukan Tsafe da Bungudu, zai yarda ɗan shekara 6 ya bi shi gonar da ke nesa da gari? Uwa nawa ce za ta saki 'yarta zuwa fadama? Ba sai na faɗi sunan abin da ya hana ba, kowa a nan ya fi ni saninsa. Tun wajen 2011 wannan masifa take ci a Zamfara, ke nan duk yaron da aka haifa daga lokacin zuwa yau a cikinta ya buɗe ido. Muna lissafin asarar rayuka da shanu da hatsi, kuma ya kamata mu lissafa. Akwai wata asarar da ba ta shiga lissafin kowa ba, ita ce ta yaran da suke girma a jihar da take kirarin noma ne abin alfaharinta, alhali da yawansu ba su taɓa ganin iri ya fasa ƙasa ba. A 1916 wani likita ɗan Sikotilan mai suna J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa, ya buga littafin da ya tattara ɗaruruwan sunayen tsirrai na Hausa. Daga bakin mutanen ƙasar nan ya ji su, manoma da makiyaya da masu magani. Yau in aka tara yaran firamare 20 aka shimfiɗa musu ganye 10 a tabarma, nawa za su ambata? Ilimin ganye kamar wutar murhu yake: in ta mutu a gida sai a aika yaro maƙwabta ya ɗebo, amma in ta mutu a unguwa duka fa, ina za a aike shi?

Kada wani ya ɗauka wannan tunani sabo ne ko na ƙauye ne. Friedrich Froebel, Bajamushen da ya kafa makarantar ƙananan yara ta farko irin ta zamani a garin Bad Blankenburg a 1840, ya tsara lambu a jikin makarantar. Kowane yaro yana da ɗan fegin da yake nasa, kewaye da su kuma akwai filin da ake aiki tare. Ku duba da kyau, gandu da gayauna ke nan. Abin da ake kafa makarantu masu tsada a kansa a yau, kakanninmu suna yinsa da fartanya.

Batu na biyu: tukunyar miya. A watan Yunin 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF tare da ma'aikatar lafiya ta jiha sun auna yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 97,000 a yankunan Shinkafi da Zurmi, suka tarar kusan ɗaya cikin kowane huɗu yana fama da tamowa. Shinkafi da Zurmi ba Wanke ba ne, amma tuwonmu ɗaya, miyarmu ɗaya, damuwarmu ɗaya. Tuwon dawa ko na masara yana cika ciki yana ba da ƙarfi, sai dai akwai abubuwan da jikin yaro ke nema waɗanda ba ya samu isassu daga hatsi. Akwai bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi kuma yake raunana yaro gaban kyanda da gudawa. Akwai sinadarin ƙarfe da jiki ke gina jini da shi. Akwai bitamin C. Duka ukun suna cikin koren ganye. Ɗanyen ganyen zogale giram 100 yana ɗauke da furotin kusan giram 9, abin da ba kasafai ake samu a ganye ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2023, ta ce yaro ɗan shekara 2 zuwa 5 ya ci aƙalla giram 250 na ganye da 'ya'yan itace a yini, ɗan 6 zuwa 9 giram 350, daga shekara 10 zuwa sama giram 400. Iyayena mata, ku auna da idonku: ɗan ƙullin kuka da aka kaɗa wa mutum 10, nawa ne rabon autan gida a ciki?

A nan zan tsaya in yaba wa tsofaffinmu, don sun riga likita sanin wani abu. Bitamin A na ganye ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo. Sinadarin ƙarfe na ganye kuma yana ƙara shiga in an haɗa shi da abu mai bitamin C. Yanzu ku tuna yadda ake kwaɗon zogale: a dafa ganye, a daka ƙuli-ƙuli, a zuba ɗan man gyaɗa, a yanka tumatir da albasa, wata ma ta matsa lemon tsami. Wace ce ta tsara wannan haɗi? Ko ma wace ce, ta gama aikin. Inda muke ɓata shi wuri uku ne. Muna dafa ganye har ya fita hayyacinsa sannan mu zubar da ruwan. Muna cika kanwa don ya yi laushi ya yi kore, kanwa kuwa tana kashe wasu bitamin. Muna shanya shi a tsakar rana a kan kwano, alhali shanyar inuwa ta fi riƙe amfaninsa. Ganyen da ke tsiro taku biyar daga murhu yana rage duk wannan, domin ɗanye ne, mai laushi ne, ba ya bukatar doguwar dahuwa, kuma ba sai an jira ranar kasuwa ba.

Wani zai ce, to, uwa ta shuka abinta mana, me ya kawo yaro a ciki? Duk wadda ta yi raino ta san yaro daga shekara 2 zuwa sama yana ƙyamar abincin da bai saba ba, musamman kore mai ɗan ɗaci. Masu binciken abincin yara sun nuna sau da yawa sai yaro ya ɗanɗana abu sau 8, sau 10, ko fiye, kafin ya karɓe shi, mu kuwa daga tofarwa ta biyu muke cewa ba ya so. Binciken da aka yi kan lambunan makarantu a Ingila da Amurka ya nuna yaron da ya shuka abu da hannunsa ya fi yarda ya ɗanɗana shi. Zan gaya muku gaskiya, ƙarin yawan ganyen da yaran suka ci a waɗannan bincike ba mai yawa ba ne, a wasu ma ba a ga ƙari ba. Hujjar da ta fi kusa da mu daga Burkina Faso ta zo. Daga 2010 zuwa 2012 ƙungiyar Helen Keller ta gudanar da shirin lambun gida a lardin Gourma, aka bi ƙauyuka 55, wasu da shirin wasu babu, don a gwada. An ga raguwar ƙarancin jini da rama da gudawa a tsakanin ƙananan yara, amma ba a ga canji a tsumburewa ba. Kuma shirin bai tsaya ga raba iri ba, an riƙa bi gida-gida ana zantawa da iyaye mata kan ciyarwa da tsafta. Abin da na ɗauka daga nan shi ne lambu shi kaɗai ba ya aiki, sai da bakin da ke koyarwa a gefensa. A gidajenmu wannan baki yana nan zaune a kan tabarma, ita ce kaka, kuma ba ta neman alawus.

Batu na uku: me za a shuka, kuma yaya? Yaro ba shi da haƙurin manomin dawa. In ka ce ya jira wata huɗu, ya manta. Saboda haka a fara masa da abin da ke amsawa da wuri. Lansir shi ne na gaba: a barbaɗa shi a jiƙaƙƙiyar ƙasa a cikin fasasshen kwano, kwana 2 ko 3 sai ga fararen zare sun ɗago da ɗan kore a ka. Gindin albasa da aka yanke za a jefar, a dasa shi, cikin mako guda lawashi ya fara leƙowa. Alayyahu yana isa tsinka cikin mako 3 zuwa 4. Na'ana'a ba ta bukatar iri, reshe ɗaya daga maƙwabta ya isa, sai dai a ba ta tukunyarta ita kaɗai da ɗan wuri mai inuwa, don in ta samu sake sai ta mamaye kowa. Ɗoɗɗoya tana son rana, kuma in ana tsinke kanta kafin ta yi fure sai ta yi rassa ta cika. Sure da rama na damina ne, ba su da fitina. Zogale kuma shi ne na ɗan shekara 4 ko 5, domin irinsa babba ne, mai fukafukai uku farare, hannun yaro yana iya riƙe shi. A bar shi ya huda ƙasa da yatsa iyakar gaɓa ɗaya, ya saka, ya rufe. Cikin mako ɗaya zuwa biyu zai fito. Saiwarsa tana nitsewa ƙasa, don haka ya fi son kusurwar gida a kan tukunya, kuma in ya kai ƙugun babba a datse kansa, ya yi rassa daidai inda hannun mai shi zai kai.

Inda babu fili, buhu ya wadatar. A nannaɗe bakinsa, a cakuɗa ƙasa kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, in ƙasar mai danƙo ce a ƙara yashi. A tsakiya a jera tsakuwa daga ƙasa zuwa sama don ruwa ya sauka ko'ina, a huda gindin, a tsaga ƙananan ƙofofi a jikin buhun a dasa a nan ma. Wannan dabara ta yaɗu a unguwar Kibera ta birnin Nairobi tun 2008, wurin da mutane ke zaune a cunkushe ba su da ko taku ɗaya na gona. Tana da wata fa'ida da ta shafe mu kai tsaye: 'yan'uwanmu da aka taso daga ƙauyukansu suna zaune a gidajen haya da kangaye a Gusau ba su da ikon haƙa ƙasar wani, amma suna da ikon ajiye buhu.

Rabon aiki kuwa da shekaru yake tafiya. Ɗan shekara 2 ko 3 nasa zuba ruwa da ɗan kofi da murza ganye ya shaƙa. Ɗan 4 zuwa 6 ya saka iri, ya cire ciyawa. Daga 7 a sakar masa buhunsa kacokan, ya tsaya da kara ya auna tsawo duk Juma'a, ya yi zane a bango da gawayi, ya ƙirga kwanaki. Lissafi ke nan ya shigo ta bayan gida. Sharaɗin da ba na so a tsallake shi ne mallaka. A ce wannan na wane ne, wancan na wance ne, kuma in za a tsinka don miya a nemi izinin mai shi, a kuma faɗa a gaban kowa lokacin cin tuwo cewa miyar yau daga gonar wance ta fito. In ya manta da ban ruwa shukar ta bushe, kada a doke shi, kada kuma a yi maza a sake dasa masa a ɓoye. A bar shi ya ga busasshen, a ba shi wani irin. Da zarar abin ya koma "tashi ka ba shukar Inna ruwa", to ya zama aike, gayauna ta tashi.

Batu na huɗu: abin da za a ce. Za a ce ruwa, kuma gaskiya ne, a bazara ruwan sha ma sai an yi layi ko an saya a wurin 'yan garuwa. Amma gidan da mutum 6 ke alwala sau 5 a yini, alwala 30 ke nan tana bin rariya. A ajiye roba a ƙarƙashi, ko a yi alwalar a gindin zogalen. A haɗa da ruwan wankin shinkafa da na wankin ganye. Ruwan omo da na wanki mai bilic kaɗai za a kauce wa. A rufe saman ƙasar da ɓawon gyaɗa ko yayi don kada rana ta shanye. Wanda kuma ruwa ya gagare shi ƙwarai, ya yi na damina da na hunturu ya huta a bazara, babu laifi. Za a ce awaki da kaji. Wannan ma gaskiya ne, akuya ba ta san gayaunar kowa ba. Maganinta ƙaya, ko shingen kara, ko tsohon gidan sauro da ya riga ya yage, ko a ɗora tukunya a kan katanga. Malamanmu suna nan, sun san hadisin Anas ɗan Malik da ke cikin Bukhari da Muslim, mai nuna Musulmin da ya yi shuka yana samun ladan sadaka a duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga ciki. Ke nan ko akuyar ta yi ɓarna ba a tashi a tutar babu ba. Amma Allah gafarta malam, kada wani ya riƙe wannan ya ƙi yin shinge.

Za a ce, kuma wannan ya fi nauyi, ashe ba wata ƙofar talla ake buɗewa ba? Yau yarinya ta shuka zogale, gobe a ɗora mata tire a ka a hana ta makaranta. Wannan tsoro yana da tushe, kuma ba zan raina shi ba. Amsata ita ce ma'auni: aikin da nake magana a kai na minti 10 ne da safe, 10 da yamma. Duk abin da ya taɓa lokacin boko ko na allo ya fita daga abin da nake kira. In ganye ya yi yawa, uwa ta sayar daga cikin gida, a jefa kuɗin a asusun mai shukar, a sai masa littafi ko takalmi ya gani da idonsa. Kuma maza da mata duka. Kada a ce ganye aikin mata ne, domin masu lambun da ke cika kasuwar Gusau da alayyahu da latas ai maza ne.

Sai babbar magana, wadda na san tana cikin zuciyar wasu tun da na fara. Mutum ya rasa gonar da yake samun dami 100, an kore shi daga garinsu, ka zo kana yi masa zancen buhun ɗoɗɗoya, wannan ba izgili ba ne? Ba kuma sauke wa hukuma nauyi ba ne? Ina amsawa a gaban uban ƙasa: buhu ba ya cika rumbu, kuma ba zai taɓa cikawa ba. Tsaron rai da gona haƙƙi ne a wuyan gwamnati, babu adadin tukwanen na'ana'a da zai sauke mata shi. A 2024 an yi gasar lambu a kowane gida wadda uwargidan shugaban ƙasa, Oluremi Tinubu, ta sa. Abu ne mai kyau a ƙarfafa wa mutane gwiwa, amma wanda ya ce wannan ne maganin yunwar Zamfara bai faɗi gaskiya ba. Sai dai ku duba wani abu. Mu manya muna iya jira, ranar da hanya ta buɗe za mu ɗauki galma mu koma, don hannunmu ya riga ya sani. Yaro ɗan shekara 4 ba ya jira. Shekarun da jikinsa ke ginuwa da waɗanda hannunsa ke koyon aiki suna wucewa, ko an samu tsaro ko ba a samu ba. In Allah ya kawo sauƙi bayan wasu shekaru, wa za mu miƙa wa gonakin? Matashin da bai taɓa raya ko tsiro ɗaya ba?

Batu na biyar: haɗari, kuma a nan ina roƙon kowa ya kasa kunne. Na farko ƙasa da buhu. Mu 'yan Zamfara mun san abin da ƙasa mai guba ke yi. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma da Bagega, saboda ana daka duwatsun zinare ana shanya su a tsakar gida, yara suna wasa a cikin ƙurar suna kai hannu baki. Don haka kada a ɗebo ƙasa daga inda aka taɓa daka ko wanke dutsen ma'adini, ko inda ake fasa tsohon batir, kada kuma a yi amfani da buhun da ya ɗauki irin wannan dutse ko jarkar da ta ɗauki maganin feshi. Na biyu taki: ɗanyen kashi yana ƙona shuka kuma yana ɗauke da cuta, sai wanda ya ruɓe ya koma baƙi ba wari. A wanke hannu da sabulu bayan aiki, a wanke ganye kafin ci. Na uku, gonar yaro ba ta haɗuwa da maganin ƙwari ko kaɗan, ba fiya-fiya, ba na kwalba. A cire tsutsa da hannu, a barbaɗa toka, a jiƙa ganyen darbejiya a yayyafa. Na huɗu, ruwan da aka tara a rufe shi, saboda sauro da kuma mai rarrafe da zai iya kifawa cikin bokiti.

Akwai tsirran da ke fitowa da kansu a kangaye da bayan gida waɗanda dole yaro ya san su da suna don ya guje su: zaƙami, wanda ake yi wa laƙabi da haukata-yaro, da 'ya'yan zurma, da na bini-da-zugu masu kama da gyaɗa a bakin yaro, da ruwan tumfafiya da ke cutar da ido. Wani zai ce koya wa yaro tsinkar ganye zai sa ya kai kowane ganye baki. Ni a ganina yaron da aka koya wa rarrabewa ya fi wanda ba a koya wa komai ba tsira, muddin dokar gida ɗaya ce: ba a cin abin da babba bai nuna ba. Sannan magani. Shayin na'ana'a yana da daɗi, ɗoɗɗoya tana gyara miya, amma ba sa kashe zazzaɓin cizon sauro. Yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi a gwada jininsa. Wanda ya rame ko ƙafafunsa suka kumbura a kai shi wurin masu kula da tamowa, garin zogale ba zai maye abincin da suke bayarwa ba. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa nonon uwa kaɗai, ba jiƙo, ba tsimi, ba ruwan ganye, ko daga gonar yayansa ya fito.

Saura roƙo. Malaman firamare da na Islamiyya, ku ajiye buhu 5 ko 6 a harabar makaranta, kowane aji da nasa, yara su riƙa komawa gida da reshen na'ana'a da irin zogale. Malaman gona da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da na kwalejin noma ta Bakura, wannan aiki ne da ba ya jiran kasafin kuɗi. Iyaye maza, ku kawo buhu da taki ku ɗaura shinge, kada ku bar wa mata duka. Iyayenmu tsofaffi, ku kira jikokinku ku faɗa musu sunayen ganyen da kuka sani tun kuna da rai da lafiya. Duk gidan da ke da zogale mai 'ya'ya, ya ba maƙwabcinsa iri kafin makon nan ya fita.

 Allah ya kawo mana zaman lafiya a Wanke da Zamfara baki ɗaya, ya raya mana zuriya. Yanzu fili naku ne. Mai tambaya ko gyara ko ƙarin bayani ya ɗaga hannu, kuma ina roƙon a fara ba iyayenmu mata dama.